Ranar da kwamfutar Alhaji ta ƙi buɗe wa kanta ƙofa a Zariyar Maraɗi

Ranar Litinin ce, ranar kasuwar Maraɗi, cikin watan Afrilu da zafi ke kan ganiyarsa. Tun ƙarfe takwas na safe masu amalanke da 'yan kabu-kabu suka fara layi a ƙofar wani babban shagon sarin takin zamani da iri da maganin feshi a unguwar Zariya. Kaya na nan jibge a sito, masu saye na riƙe da kuɗinsu, amma har hantsi ba a fitar da ko buhu ɗaya ba. Kwamfutoci ukun da ke kan kanta duk magana ɗaya suke yi: sun kasa samun rumbun bayanai.

Mai shagon aminin mahaifina ne, don haka zan kira shi Alhaji kawai. Na je karɓar saƙo ne a ranar, na tarar da shi a ɗan ƙuryar da ke bayan shago, ya tsura wa wata baƙar kwamfuta ido. Ita ce uwar garke, wadda masu gyara ke ce wa saba: babbar kwamfutar da sauran ke jingina da ita, inda manhajar ciniki ke ajiye komai. Fitilarta na ci, fankarta na juyawa, ba ta ƙone ba, ba kuma a yi mata kutse ba. A cikinta akwai lissafin kayan sito, da bashin manoman rani na Jiratawa da ke ɗaukar taki sai sun sayar da amfanin gona su biya, da na ƙananan 'yan kasuwar Tibiri da ke sari a wurinsa, da kuma hannun jarin ƙanensa da ke zaune a Turai. Littafin takarda kuwa an daina rubuta shi shekaru biyu da suka wuce.

Abin da ya tsayar da cinikin ranar ƙaramin abu ne, kuma yana faruwa a shagunan magani, da makarantu masu zaman kansu, da ƙananan asibitoci, da ofisoshin ƙungiyoyi, daga Maraɗi har Katsina da Kano. Manhajar da ke riƙe da bayanan ce ta nemi izinin shiga, kwamfutar ta ce ba ta yarda da ita ba.

Da sunan wa take aiki?

Duk abin da ake yi a cikin kwamfuta da sunan wani ake yin sa. Idan yaron kanta ya zauna ya shigar da sunansa da kalmar sirri, duk jakar da ya buɗe sai kwamfuta ta duba ko an ba sunan nan izini. Wannan kowa ya sani. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, akwai manhajojin da ke aiki dare da rana ba tare da kowa ya zauna a gabansu ba: mai riƙe rumbun bayanai, mai kwafe bayanai da tsakar dare, mai aika takarda ga na'urar bugawa. Su ma dole su kasance da suna da kalmar sirri. Wannan shi ne asusun hidima, asusun da ba na mutum ba, na manhaja.

Kwatancinsa bara ne a gidan attajiri. Maigida ya ba shi makullin sito saboda aikinsa a sito yake. Bai ba shi makullin ɗakin uwargida ba, bai ba shi na akwatin kuɗi ba. Idan aka canja kwaɗon sito ba a ba shi sabon makulli ba, aiki ya tsaya. Idan kuma aka ce don gudun tsayawar aiki a miƙa masa dukan makullan gida, to duk wanda ya yaudare shi ko ya ƙwace daga hannunsa ya mallaki gidan.

A shagon Alhaji, ɗan ƙanwarsa ne ya kafa komai. A wancan lokacin 'yan kasuwa da dama sun koma manhajojin ciniki, musamman bayan da hukumar haraji ta Nijar ta fara tilasta takardar ciniki mai hatimin na'ura a 2021. Yaron ya san aikinsa daidai gwargwado, amma ya yi abin da kusan kowane mai sauri ke yi: da manhajar ta tambaye shi da wane asusu za ta riƙa aiki, sai ya ba ta nasa. Aikin kwafe bayanai na dare ma da sunansa ya tsara shi. Komai ya tafi daidai har ranar da ya samu aiki a wata ƙasa ya tafi. Alhaji, cikin hikima irin ta ɗan kasuwa, ya sa aka canja kalmar sirrin yaron. A kan wannan babu laifinsa ko kaɗan.

Washegari aka buɗe shago, aka yi ciniki lafiya. Haka jibi, haka mako bakwai cur. A nan tarkon yake. Windows na tambayar manhajar hidima kalmar sirri ne kawai a lokacin da take tashi. Muddin ta riga ta tashi, za ta ci gaba da aikinta a kan kwamfutar ko da an canja kalmar. Alhaji na da faifan sola da batura, don haka uwar garken ba ta mutu ba tsawon makonnin nan. Sai a daren Lahadin da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, zafi ya sa aka bar fankoki da firij a kunne, batura suka ƙare. Da safe kwamfutar ta tashi, manhajar ta miƙa tsohuwar kalmar sirri, aka rufe mata ƙofa. Lambar wannan kuskure a Windows ita ce 1069, kuma duk mai gyaran da ya daɗe a sana'ar ya san ta kamar lambar wayarsa.

Shi kuwa aikin kwafe bayanai, da yake kowane dare yake sabon tashi, tun daren farko ya mutu. Bai yi ƙara ba, bai nuna saƙo a kan kanta ba. Mako bakwai dukiyar mutane na rataye a kan faifai ɗaya, a cikin ɗakin da ƙura da zafi ke shiga yadda suke so.

Gyaran jika biyar

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kawo wani mai gyara a kan babur. Cikin minti ashirin shago ya koma ciniki. Ya karɓi jika biyar, wato sefa 5,000, Alhaji ya sa masa albarka, ni ma na yaba masa a raina.

Sai daga baya na fahimci abin da ya yi. Ya ɗauki manhajar rumbun bayanai ya ɗora ta a kan asusun Administrateur, wato asusun da ke da iko a kan komai. Da ya ga wata jaka na nuna Accès refusé, saƙon da masu Windows na Turancin Ingilishi ke gani a matsayin Access denied, sai ya buɗe ta ga rukunin Tout le monde, wato kowa da kowa, ya ba su cikakken iko, ya kuma kashe neman kalmar sirri wajen shiga jakunkunan da aka raba. Aikin kwafen dare kuwa ko kallonsa bai yi ba, domin ba shi aka kira shi ya gyara ba.

Ba na son in yi wa irin waɗannan matasa rashin adalci. Mutum ne tsaye a kansa, layi a waje, ana yi masa kirari da tsawa a lokaci guda, kuma abin da za a biya shi bai kai kuɗin buhun taki ba. Babu wanda zai ƙara masa ko dala don ya rage wa manhaja iko. Abin da ake gani shi ne allo ya buɗe ko bai buɗe ba. Kasuwar ce ta koya musu haka. Amma gaskiyar magana ita ce an gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago. Da safe matsalar Alhaji ita ce ba ya iya ganin littafin bashinsa. Da rana ta koma duk wanda ya san kalmar wifi ɗin shagon zai iya ganinsa, ya kwafe, ya goge. Kalmar wifi kuwa har mai shayin ƙofar shago ya san ta.

Masu Linux ma suna da nasu irin wannan gyara, kuma ɗalibai sun fi kowa yin sa idan suna haɗa shafin intanet na kammala karatu. Ana kiransa 777. A tsarin Linux izinin karantawa 4 ne, na rubutawa 2, na zartarwa 1, jimla 7. Lamba ta farko ta mai jaka ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta sauran duniya. Wanda ya rubuta chmod 777 ya ce kowa ya yi abin da ya ga dama ke nan. Alhali sau da yawa abin da ake bukata kawai shi ne a duba da wane suna manhajar ke aiki, a Debian da Ubuntu manhajar shafin intanet da sunan www-data take aiki, sai a ba wannan sunan jakar da zai rubuta a ciki kaɗai, a bar izini a 750 ko 640.

Wannan ƙa'ida ba sabuwa ba ce. Tun 1975 wasu masana biyu na jami'ar MIT a Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka rubuta ta cikin ƙa'idojin tsare bayanai: kowace manhaja da kowane mutum su yi aiki da mafi ƙarancin ikon da zai wadatar da su. Kakanninmu da ke raba makullin rumbu da na ɗaka ba za su ga wani baƙon abu a ciki ba.

Ƙofa biyu, kwaɗo biyu

Ƙanen Alhaji na Turai ne ya tono maganar. Da aka ba shi labari ta WhatsApp cewa an gyara, tambaya ɗaya ya yi: kwafin ƙarshe na wace rana ne? Babu wanda ya iya amsawa. Sai ya turo wata matashiya da ta yi karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, wadda ke kula da kwamfutocin wasu ofisoshi a gari. Alhaji bai ɓoye shakkarsa ba da ya gan ta. Ba ta yi gardama ba. Ta nemi kalmar wifi a wurin yaron kanta, ta taɓa wayarta, ta miƙa masa. “Baba, duba nan, wannan ba jakar lissafinku ba ce?” Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya ce, “Ɗiyata, zauna ki yi aikinki.”

Na zauna kusa da ita har la'asar, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kusan awa guda ba ta canja komai ba. Karatu take yi. Windows na da littafin da take rubuta duk abin da ya faru, Observateur d'événements, kuma amsar na ciki tun ranar Litinin: lamba 7038 na cewa manhaja kaza ta kasa shiga da asusu kaza saboda kalmar sirri. Da a ce asusun ne ba shi da izinin tashi a matsayin hidima, 7041 za a gani. Duk yunƙurin shiga da aka ƙi kuwa, idan an kunna rubuta shi, yana fitowa da lamba 4625 a sashen tsaro. Tambayoyinta uku ne, ta yi ta maimaita su a kan kowace manhaja: da sunan wa take aiki, me take son taɓawa, wa ya hana ta.

Daga nan ta buɗe sabon asusu na manhajar rumbun bayanai ita kaɗai, mai doguwar kalmar sirri, wanda ba ya cikin rukunin masu iko kuma babu mutumin da zai zauna ya shiga da shi. Ta ba shi izinin da Windows ɗin Faransanci ke kira Ouvrir une session en tant que service. Da yake rumbun nasu SQL Server ne na Microsoft, ba ta canja asusun daga jerin hidimomin Windows ba, ta bi ta manhajar saiti ta SQL Server ɗin kanta, domin ita ce ke raba wa sabon asusu izinin da yake bukata a kan jakunkunan rumbun.

Wurin da ta fi daɗewa shi ne jakar da ake ajiye kwafi, wadda ke kan wata kwamfuta a ofishin Alhaji. A nan ne akasarin masu koyo ke ruɗewa, domin jakar da aka raba a Windows ƙofa biyu gare ta. Ta farko izinin rabawa, wadda ke tare duk mai zuwa ta hanyar sadarwa, kamar ƙofar zaure. Ta biyu izinin da ke kan faifan kansa, na tsarin NTFS, kamar ƙofar ɗaki. Mai zuwa daga wata kwamfuta sai ya wuce duka biyun, kuma wadda ta fi tsauri ita ce ke yanke hukunci. Ka ba mutum cikakken iko a zaure amma karatu kaɗai a ɗaki, karatu kaɗai zai yi. Shi ya sa za ka ga mai gyara na rantsuwa ya ba da izini amma har yanzu ana hana shi: ƙofa ɗaya ya buɗe.

Akwai kuma ruɗanin harafi. Ɗan ƙanwar Alhaji ya laƙaba wa jakar kwafin harafin Z, kuma duk wanda ya shiga da asusunsa yana ganin ta. Amma irin wannan harafi na zaman wanda ya laƙaba shi ne. Manhajar hidima da ke aiki a nata zaman ba ta san da shi ba. Dole a rubuta mata cikakken adireshi, sunan kwamfuta da sunan jaka. Haka nan idan ka danna maɓallin kwafi a SQL Server, ba da sunanka ake rubuta kwafin ba, da sunan asusun hidimar ne. Kai kana iya buɗe jakar da hannunka, ita kuwa a ce mata kuskure mai lamba 5, wato an hana. Da yake shagon ba shi da babbar rajistar asusu ta bai ɗaya, sai ta buɗe asusu mai suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya a kan kwamfutocin biyu, ta ba shi izinin rubutu a wannan jaka tak.

Yaron kanta ya kawo shawarar da ni ma na yi tunaninta: me zai hana a goge asusun ɗan ƙanwar Alhaji gaba ɗaya, in an bukace shi a sake buɗe wani da sunan? Ta ce a dakatar da shi dai tukuna, kada a goge. Windows ba da suna take gane asusu ba, da wata doguwar lamba ce ta musamman da ake kira SID. Ka goge asusu ka sake buɗe wani da sunan nan, lamba ta canja, duk izinin da tsohon ke da shi bai bi sabon ba. Sai an bi an tabbatar babu wata manhajar da ke rataye da shi sannan a goge.

Agogo da wutar Katsina

Ba za a yi maganar uwar garke a Maraɗi a tsallake wuta ba. Yankin na samun kaso mai yawa na lantarkinsa ne daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba a maido ta ba sai bayan ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu 2024. Duk wanda ke kula da kwamfutoci a wancan lokacin ya ga na'urori na mutuwa suna tashi sau da yawa a yini, kuma kowane tashi jarrabawa ce ga asusun hidima.

Akwai wani ɗan batir mai kamar kwabo a cikin kowace kwamfuta, yawanci CR2032, da ke riƙe agogonta idan babu wuta. Idan ya ƙare, kwamfuta na iya tashi da kwanan watan shekarun baya. A manyan ofisoshi da bankuna da ƙungiyoyi, inda ake amfani da rajistar asusu ta Active Directory, tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yarda agogon kwamfutoci biyu ya saɓa da fiye da minti biyar, in dai ba a canja saitin ba. Kalmar sirri daidai, izini daidai, amma a ƙi ka saboda agogo. Mai gyaran da bai san haka ba zai wuni yana ƙara wa asusu iko, alhali batirin da bai kai kuɗin kati ba ne ya mutu.

Su waɗannan manyan ofisoshi suna da mafitar da shagon Alhaji ba shi da ita. Tun daga Windows Server 2008 R2 Microsoft ta kawo asusun hidima da tsarin ke kula da kalmar sirrinsa da kansa, ta faɗaɗa shi a Windows Server 2012 da sunan gMSA. Kwamfuta ce ke ƙirƙirar doguwar kalmar, ta canja ta duk kwana 30, babu ɗan Adam da ya san ta balle ya tafi da ita Agadas ko Legas. Inda ake da halin amfani da shi, ban ga hujjar barin manhaja a kan asusun wani ma'aikaci ba.

Asusun da aka manta

Wani zai ce wa zai damu da shagon taki a Zariya. Masu kutsen zamani ba sa zaɓen gari. Manhajojinsu na lalube ne ko'ina, duk ƙofar da suka samu a buɗe su shiga, su kulle bayanai su nemi fansa. Idan manhajar da suka shiga ta cikinta na aiki da asusun Administrateur, sun samu komai, har da jakar kwafi. Idan ƙaramin asusu ne, ɓarnar ta tsaya inda ikonsa ya tsaya.

Manyan kamfanonin duniya ma a nan suke tuntuɓe. A watan Mayu 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya tsayar da aiki na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ta wani tsohon asusun shiga daga nesa da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba aka shiga. A Janairun 2024 Microsoft da kanta ta sanar cewa masu kutse sun karanta saƙonnin wasu manyan shugabanninta. Sun fara ne da wani tsohon asusun gwaji, daga nan suka samu wata tsohuwar manhajar gwaji da aka bar wa iko mai yawa. Tun 2014 kuwa wani masanin tsaro, Tim Medin, ya nuna yadda duk mai ƙaramin asusu a cikin Active Directory zai iya neman tikitin asusun hidima, ya tafi da shi gida ya yi ta gwada kalmomi har ya dace. Gajeriyar kalmar sirri irin sunan shago da shekara ba ta daɗewa a hannun irin wannan.

Amma a ganina ɓarawon nesa ba shi ne babban abin tsoro a irin shagon Alhaji ba. Na kusa ne: wanda ake bi bashin jika ɗari biyar kuma yana da aboki a kan kanta. Idan kowa da asusu ɗaya yake shiga, ko jaka na buɗe ga kowa, ranar da lamba ta canja babu yadda za a san hannun wa ne, sai zargi ya faɗa kan yaron da ba shi da mai tsaya masa. Ga kuma doka. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kanta, da dokar laifukan intanet ta 2019. Sunayen manoman Jiratawa da lambobin wayarsu da bashin da ke kansu bayanan mutane ne, balle a ce asibiti ne da sakamakon gwajin jini.

Masu kula daga nesa

Yawancin masu karanta mu a Faransa, da Beljiyam, da Saudiyya, da Amurka suna da irin wannan alaƙa da gida: sun sa jari a shago, ko sun gina makaranta, ko su ne ake kira da dare a ce kwamfuta ta ƙi. Wasu kuma su ne ɗan ƙanwar Alhaji, sun kafa tsari da sunansu sun tafi, ba su bar ko takarda ɗaya ba. Idan kana cikinsu, aikin rabin awa ne ka rubuta wace manhaja ke aiki da wane asusu ka tura wa mai wurin. Idan kuma ka bar manhajar shiga daga nesa irin AnyDesk a buɗe da kalmar sirri ɗaya tun shekarar da ka tashi, ita ma makulli ce da ke yawo.

Mai jari kuma ba ya bukatar ya zama injiniya. Tambayar da ƙanen Alhaji ya yi ta isa farawa: a ɗauko hoton jakar kwafi, a ga kwanan watan na ƙarshe. Sai a ƙara da ta biyu, an taɓa gwada maido da shi?

Wannan gwajin shi ne abu na ƙarshe da matashiyar ta yi a ranar. Ta kashe uwar garken da gangan, abin da ya sa Alhaji miƙewa tsaye, ta sake kunna ta, manhajar ta tashi da sabon asusunta. Ta sa aikin kwafi ya gudana nan take maimakon jiran dare, ta ɗauki kwafin ta buɗe shi a kan tata kwamfutar, ta ce Alhaji ya faɗi sunan wani da yake bi bashi. Ya faɗi wani mai sari na Tibiri, ta karanto masa adadin, ya gyaɗa kai. Ta raba wifi ɗin baƙi da na kwamfutocin shago, ta rubuta asusun da kalmominsu a takarda biyu, ɗaya ta shiga akwatin ƙarfen Alhaji cikin ambulan, hoton ɗayar ya tafi Turai sannan aka ƙona ta. Jika talatin ta nema. Sai da aka yi ciniki kamar ana sayen rago kafin a tsaya a ashirin da biyar.

Da na koma shagon bayan sallar layya, na ga an ƙara layi ɗaya a ƙaramin littafin da yaron kanta ke rubuta kuɗin da ya tarar a aljihun tebur kowace safiya. A ƙarƙashin adadin kuɗin yana rubuta kwanan watan kwafin daren jiya, Alhaji ya sa hannu a kan duka biyun.